Rubutun da Ban Karanta Ba

Talata, 8 ga Yuli, bayan Azahar

Kwana biyu ke nan Injiniya bai buɗe ido ba. Likita ya ce sugansa ne ya faɗi warwas, kuma ya daɗe a haka kafin mu iso asibiti. Minti goma suke ba ni in shiga wajensa, safe da yamma, sai in tsaya a kansa ina kallon ruwan da ake ƙara masa yana ɗiga. Shekara talatin da ɗaya da aurenmu, ban taɓa ganin ya kwanta shiru haka ba, ko minsharin nan nasa babu.

Littafin nan ɗalibaina ne suka ba ni ranar da na ajiye aikin koyarwa. Ban taɓa rubuta komai a ciki ba sai yau. Rubutun ya yi manya, layi ɗaya yana cin biyu. Hasken barandar asibitin ne ba shi da kyau.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Ɗana Abdulbaƙi ya iso daga Abuja. Daga filin jirgi nan ya wuto, ko gida bai biya ba. Ya gaishe ni, ya shiga ya ga mahaifinsa, ya fito ya zauna kusa da ni, sai tambayoyi irin nasu na lauyoyi.

"Mama, ranar Lahadin wa ya yi masa allura?"

Na ce ta safe Sista Muhibba ce, kamar kullum. Ita ce nas ɗin da take zuwa mana gida shekara biyu ke nan, ta gwada sugansa, ta wanke masa ciwon ƙafa, ta yi masa allurar safe. Ta yamma kuwa tun farko ni nake yi.

"Likita ya ce alamu sun nuna mai saurin aiki aka yi masa da yamma, kuma da yawa. Ta safe ke nan."

Na ce masa ranar aka kawo sababbin kwalabe. A da ta safe murfinta ruwan ɗorawa ne, ta yamma kore. Waɗannan kuwa duka biyun iri ɗaya ne, shi ya sa Muhibba ta manna filasta a jikin kowacce ta rubuta.

"Ke wacce kika ɗauka?"

"Ta yamma."

"Ke nan ita ta rubuta ba daidai ba. Ina kwalaben?"

Na ce a rikicin fitowa ban san inda suka shiga ba.

Ya shiga kaɗa ƙafa. Haka mahaifinsa yake yi idan ransa ya ɓaci.

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

Babu canji. An yi ruwa tun asuba.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan La'asar

A ɗakin jira akwai talabijin a maƙale a bango. Yau suka sa wani tsohon fim na barkwanci, na gane shi tun daga kiɗan farko. Wani tela ne tsoho wanda ba ya gani sosai kuma ba ya yarda, ya ɗinka wa ango babbar riga ya sa aljihun a gadon baya. Muna gidan haya a Hotoro muka fara kallonsa, a kaset, Abdulbaƙi yana goye a bayana. Injiniya ya yi dariya har ya faɗo daga kujera, ni ma sai da na riƙe ciki. Wata guda muka yi, da na sa gishiri ya yi yawa sai ya ce, "Tela, ina aljihuna?"

Mai wasan a lokacin yaro ne, hoda aka barbaɗa masa a gemu. Autata Nabiha tana gefena, ta ce, "Mama, ai yanzu ya tsufa da gaske," ta nemo hotonsa a waya ta miƙo mini. Na karɓa na ɗan matsar da wayar nesa.

"Mama, don Allah ki je a duba idon nan."

"Lafiyarsa ƙalau. Hasken wayarki ne ya yi ƙasa."

Mutanen ɗakin suna ta dariya, har da wata mata da mijinta ke ɗaki ɗaya da nawa. Na kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe. Wajen da telan yake laluben allura a kan tabarma yana cewa iska ce ta ɗauke ta, na tashi na tafi alwala, ga shi ina da alwalata.

Lahadi, 13 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ya buɗe ido. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Malama." Haka yake kirana tun muna saurayi da budurwa. Maganar tana fita a hankali, kamar mai taka ƙasa mai santsi. Ya ce, "Fim ɗin... ya ƙare?"

Fim yake kallo a falo ranar, na bar shi yana dariya na shiga kicin. Da na dawo fim ɗin yana ta yi, shi kuwa ya jiƙe sharkaf da gumi, kansa ya langaɓe.

Na ce ya ƙare, Injiniya.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan Azahar

Muhibba ta zo. Tun daga Tudun Murtala ta taho da farfesun kifi a kula, ta ce ta ji ya farka. Abdulbaƙi ya tare ta a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce ya riga ya rubuta wa asibitin da take aiki a ƙarƙashinsu, kuma ya fi so kada ta ƙara zuwa har sai an gama bincike.

Ni ta duba ta saman kafaɗarsa.

"Hajiya, ai na rubuta. Na kuma nuna miki."

Ta nuna mini, gaskiya ne. Ta ɗaga kwalaben biyu a gaban firij ta ce ga ta safe ga ta yamma, na ce to, na gani.

Na ce, "Ki yi haƙuri, Muhibba, ki je gida tukuna."

Ta ajiye kular a kan benci ta tafi. Ba wanda ya taɓa ta har yamma. Daga baya na ba masu shara.

Laraba, 16 ga Yuli, da safe

Na zo gida in yi wanka in ɗauki kaya. Gidan ya yi girma. Ruwa ya karya reshen mangwaron bayan kicin, ba wanda ya ɗauke.

Baƙar jakata tana cikin durowa inda na cusa ta. Ban buɗe ba. Na san abin da ke cikin aljihunta na gefe: kwalba ɗaya haka nan, ɗaya kuma naɗe a hankici tare da sirinjin da na yi amfani da shi. Na kwaso su ne ranar don in nuna wa likita. Da muka isa likita ya tambaya, ban nuna ba.

Da zan fita tsakar gida inda rana take, in miƙa hannuna iya tsawonsa, wataƙila in iya karantawa.

Yau akwai hadari.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan La'asar

An dakatar da Muhibba daga aiki. Abdulbaƙi ne ya faɗa mini, yana cin gyaɗa. 'Ya'yanta huɗu, mijinta ya rasu bara. Ni na je mata ta'aziyya.

Juma'a, 18 ga Yuli, da hantsi

Ni ce nake zura wa Inna zare a allura tun ina 'yar shekara shida. Ta kan ce Hasiya idonta kamar na shaho. Shekara ashirin da takwas ina duba takardun lissafi, yaro ya rubuta bakwai kamar ɗaya in gane, ya goge ya sake in gane abin da ya goge. Malamai 'yan uwana duk sun sa gilashi ɗaya bayan ɗaya, ina yi musu tsiya.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai san na canja Alƙur'anina na ɗauki mai manyan baƙaƙe, na ce wancan ya tsufa. Na daina tsince shinkafa, na ce ta yanzu ba ta da tsakuwa. Saƙo idan ya shigo waya sai in ce wa Injiniya karanta mini, hannuna da ruwa.

Shekarata hamsin da ɗaya. Ba wani abu ba ne hamsin da ɗaya.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan Azahar

An dawo da shi ɗaki na gama-gari. Hannunsa na dama ba ƙarfi, kuma kalmomi suna ɓace masa. Ya so ya ce cokali, ya yi ta juya hannu a iska har Nabiha ta gane. Likita ya ce wasu za su dawo, wasu sai yadda Allah ya yi.

Ya miƙo mini hannu ya nuna farcensa. Ni nake yanke masa tun da. Na ɗauko abin yanke farce na zauna a bakin gado, na yi yatsa ɗaya, na yi biyu. A na uku ya ja hannu. Jini ya fito, ya ɗiga a kan farin zanin gado.

Nas ɗin ɗakin ta zo da sauri, ta ce, "Hajiya, mai ciwon suga ba a wasa da rauni a jikinsa." Ta wanke ta ɗaure. Da ta fita sai ya ɗora hannun mai bandeji a kan nawa ya bar shi a nan.

Ban ce hasken ne ba. Taga a buɗe take, rana tana dukan gadon.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na je. Ni kaɗai na tuƙa kaina, ban faɗa wa kowa ba.

Likitar idon yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Nabiha ba. Baƙaƙen bango duk na karanta mata har layin ƙasa, na ji daɗi. Sai ta ba ni wani kati a hannu ta ce in karanta. Na ga layuka kamar tururuwa sun bi ta kan takarda.

"Mama, tun yaushe kike fama da na kusa?"

"Bai fi wata biyu ba."

Ta yi murmushi ba ta ɗago ba. "Idon ya ce ya kai shekara biyar. Ba ciwo ba ne, Mama, shekaru ne kawai. Kowa yana zuwa nan."

Ta ɗora mini wani ƙarfe a hanci tana canja gilasai, wannan ko wannan, wannan ko wannan. Can sai tururuwan suka tsaya suka zama baƙaƙe. Na karanta har ƙasa. Abin da bai kai minti goma sha biyar ba.

Minti goma sha biyar.

Ta ce in dawo jibi in karɓa.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan La'asar

Na karɓo. A mota na fara sa shi. Bayan hannuna na fara gani, duk ya yi layi-layi, jijiyoyi sun taso. Hannun Inna ne sak. A madubin mota na ga furfura a gaban goshina, ba ɗaya ba, ba goma ba. Ashe kowa yana ganinta, ni kaɗai ce ban gani ba.

Na shigo gida na zauna a bakin gado. Jakar tana gabana.

Laraba, bayan Magariba

SAFE aka rubuta a jikin ta cikin hankicin. Ɗayar kuma YAMMA. Na duba sunan maganin da ke ƙarƙashin filastar, kowacce daidai take. Rubutun Muhibba mai kyau ne, a tsaye, kamar na ɗalibar da take zama a layin gaba.

Alhamis, 24 ga Yuli, da safe

Ban je asibiti da wuri ba. Na ce wa Nabiha kaina ke ciwo.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Gilashin yana cikin jaka, ban sa shi a gabansu ba tukuna.

Nabiha ta kawo kwamfutarta ta sa wa mahaifinta fim ɗin barkwanci, wai likita ya ce dariya tana taimakawa. Na yanzu ne, yara ne suke ta ihu suna bin juna da gudu. Ita tana dariya. Shi yana kallo da natsuwa kamar mai sauraron labarai, sai an wuce wajen dariyar da kaɗan sannan ya yi murmushi. A da shi yake riga kowa.

Ni ban gane abin dariyar ba. Na rasa ko fim ɗin ne, ko ni ce.

Abdulbaƙi zai koma Abuja ranar Lahadi. Ya ce asibitin su Muhibba za su zauna a kan maganarta mako mai zuwa, kuma yana so a karɓe mata lasisi, kada ta je ta kashe wani.

Na ce Allah ya kyauta.

Abin da na ce ke nan. Allah ya kyauta.

Asabar, 26 ga Yuli, da hantsi

Na faɗa.

Su uku suna ɗakin. Na fito da gilashin na sa, Nabiha ta fara tafi tana cewa ai ya yi mini kyau. Sai na fito da hankicin na kwance shi a kan gado, na ajiye ɗaya kwalbar a gefensa. Na ce wannan ita na ɗauka ranar. Na ce ban karanta ba, don ba na iya karantawa, kuma na daɗe ba na iyawa. Launin murfi nake bi. Da launin ya tafi sai na ɗauki wadda hannuna ya faɗa a kai, na ji kunyar in kawo masa ya duba mini.

Abdulbaƙi ya ɗauki kwalbar ya juya ta, ya sake juyawa.

"Mama, tun ranar suna wajenki?"

"Tun ranar."

"Kina ji na rubuta takarda a kan matar nan. Kina ji na kore ta a gaban mutane."

"Ina ji."

Ya ajiye kwalbar a hankali ya fita. Nabiha tana kuka ba sauti. Ban iya duban Injiniya ba, ƙafarsa nake kallo. Ya daɗe yana neman kalmar, ina jin numfashinsa.

"Yarinyar," ya ce. "Kin je... wajenta?"

Na ce ban je ba.

"Ki je."

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan La'asar

Ruwa ya cinye hanyar layinsu, a bakin titi na bar motar na ƙarasa da ƙafa. Na same ta a tsakar gida tana wanki. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar ba komai, har ta tambayi jikin Alhaji.

Na faɗa mata duka. Ta saurara tana goge hannunta da gefen zani.

"Na sani, Hajiya. Tun ranar na sani."

"Me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

"Na faɗa. Na ce na rubuta daidai. Sauran kuma ba a bakina ya kamata a ji ba." Ta gyara zama. "Ni ma ina da nawa. Shekara biyu ina ganin yadda kike miƙa takarda nesa. Na sha cewa yau zan yi miki magana, sai in ji nauyi. Da na faɗa ko da kin ji haushi, da ba a kai nan ba."

Na roƙe ta gafara. Na ce ta dawo, Injiniya ya saba da hannunta.

"Na yafe, Hajiya, har ga Allah. Amma ƙafata ba za ta iya shiga gidan ba. Babbar 'yata a makaranta aka tare ta aka ce uwarta ta kusa kashe mutum." Ta ɗago ta dube ni. "Abu ɗaya nake so. Ki rubuta wa asibitinmu, da hannunki, ki sa sunanki."

A nan kan tabarmarta na rubuta, a takardar da ta yago daga littafin ɗiyarta. Shafi ɗaya da rabi. Ta karanta sau biyu, ta ninke, ta sa a cikin hijabinta. Ta rako ni har bakin titi ta riƙe mini hannu a wajen taɓon.

Abdulbaƙi ya tafi ban gan shi ba. Nabiha ta ce ya janye takardarsa kafin ya wuce, kuma ya kira Muhibba a waya. Ni bai kira ni ba.

Talata, 29 ga Yuli, da safe

Bai kira ba.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan Magariba

An sallame mu yau. Yana tafiya da sanda, a hankali, ya tsaya a bakin ƙofar falo yana kallon kujerarsa kafin ya zauna. An samo wani nas da zai riƙa zuwa da safe. Muhibba ta koma aiki, an tura ta wani gida a Bompai.

Nabiha ta kwana ashirin da biyar ba ta kwana gidan mijinta ba, na ce ta tafi. Ta ce to bari ta yi wa Abba allurar yamma tukuna, nas ta koya mata. Ta buɗe firij ta ɗauko, ta zo ta durƙusa a gabansa.

Ya girgiza kai. Ya nuna ni da haɓa.

"Abba, ai Yaya ya ce..."

"Malama," ya ce.

Na sa gilashin. Na karɓi kwalbar na karanta sunan da ƙarfi, na karanta adadin da likita ya rubuta, na sake karantawa. Na ja maganin. Na miƙa masa sirinjin na ce ya duba ya tabbatar.

Bai karɓa ba. Da hannun hagu ya kama gefen rigarsa ya ɗaga, ya juya kai wajen taga, ya jira.

Na yi bismillah na yi masa.

Nabiha ta tafi. Yanzu yana zaune yana cin tuwonsa da hagu, yana zubarwa kaɗan a kan riga, ya hana ni in ba shi a baki. Na jawo kujera kusa da shi. Nan zan zauna har ya cinye.